Idan jirgin fito ya kife: me doka ta ɗora wa matuƙi da mai jirgi?

Tambaya: Ina da jiragen katako biyu masu inji da ke ɗaukar fasinja da kaya ranakun kasuwa a yankin Yauri. Ƙanena ke tuƙa ɗaya, ɗayan kuma yaro na ɗauka. Idan, Allah ya kiyaye, jirgi ya kife aka rasa rai, me doka ta ce matuƙi ya yi? Ɗaure shi za a yi? Ni da nake gida abin zai shafe ni? Kuma idan 'yan'uwan mamatan suka ce sun yafe, magana ta ƙare ke nan?

Amsa: Amin, Alhaji, Allah ya tsare mana. Ka kyauta da ka yi tambayar tun jiragen suna kai da kawowa lafiya, domin yawancin masu jirgi ba sa neman lauya sai matuƙinsu ya kwana a caji ofis.

Ka fara riƙe wannan: kifewar jirgi ita kaɗai ba laifi ba ce. Abu biyu hukuma ke bincikawa, kuma kowanne da hisabinsa. Na ɗaya, a wane hali jirgin ya bar gaɓa: mutum nawa ya ɗauka, wane irin kaya, da ƙarfe nawa, wa ke riƙe da inji. Na biyu, me matuƙi ya yi tun daga lokacin da jirgin ya fara shan ruwa har ya tsaya gaban 'yan sanda. Mutum yana iya fita fes a na farko, na biyun ya ɗaure shi. Tunda abin da ke biyo bayan hatsari ka fara tambaya, da shi za mu fara.

Wanda ke tsaye a gaɓa yana kallo, dokar ƙasa ba ta tilasta masa faɗawa ruwa ba. Matuƙi ba haka yake ba. Ya karɓi kuɗin mutane, ya ɗauki amanar tsallakar da su, saboda haka ceton su aikinsa ne, kuma a dokar Final Kod, wato kundin dokokin laifi na Arewa, barin abin da ya wajaba a kan mutum daidai yake da aikata laifin da hannu. Ba a ce ya halaka kansa ba. An ce ya yi abin da duk mai hankalin da ya san ruwa zai yi: ya kashe inji nan take kada farfela ta sari waɗanda suka faɗa, ya jefa wa mutane duk abin da ba ya nutsewa, jarka ce ko katako ko rigar ruwa, ya yi ta gaya musu su riƙe jikin jirgin in bai nutse duka ba, ya yi kururuwa ko ya buga waya masunta da sauran 'yan fito su kawo ɗauki. Idan kaya ne ke neman nutsar da jirgi, a zubar da kayan. Malaman Malikiyya sun daɗe da yanke wannan, cewa in aka ji tsoron nutsewa ya halatta a jefa kaya a ruwa, a fara da mafi nauyi, amma ba a jefa mutum. Matuƙin da aka shaida ya tsaya ceton babur ko buhunan wani attajiri alhali yara suna nutsewa a gefensa, babu lauyan da zai iya wanke shi.

Idan karo aka yi tsakanin jirage biyu, wanda nasa bai lalace ba shi ma ba ya wucewa. Dokar jiragen ruwa na kasuwanci ta 2007 ta wajabta wa shugaban jirgi ya tsaya ya taimaki ɗayan, muddin hakan ba zai jefa nasa fasinjojin cikin halaka ba, ya kuma bayyana sunan jirginsa. Da manyan jirage aka rubuta ta a zuci, amma ita ce al'adar ruwa ko'ina, kuma da ita alƙali zai auna halin matuƙi.

Waɗanda aka tsamo da rai a kai su asibiti, ko da sun tashi suna magana, domin wanda ya shaƙi ruwa numfashinsa na iya rikicewa bayan wasu sa'o'i. Kada kuɗi ya sa a yi jinkiri. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili.

Sai kai rahoto. Matuƙi, ko kai in shi yana kwance, za ku sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da kuma NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 13 ta 1997. Hedikwatarta na Lakwaja, kuma ku kuna da sa'a tana da ofishi a nan Yauri. Ku sanar da Sarkin Ruwa da shugaban ƙungiyarku, su ne za su tara masu nutso kafin motar kowace hukuma ta iso. Lambar 112 ita ce ta kiran gaggawa inda akwai sabis. Abin da ya fi komai nauyi a rahoton nan shi ne adadin mutane. Ku faɗi gaskiyarsa. Matuƙin da ya ɗauki mutum 90 ya ce 50 ne don ya rage wa kansa laifi, ya sa an dakatar da neman mutum 40 ke nan. Ba wa jami'in gwamnati bayanin ƙarya laifi ne mai zaman kansa, haka ma ɓatar da shaida. Kada a ja ɓaraguzan jirgin a ɓoye, kada a cire inji cikin dare, kada a yaga takardar sunayen fasinja.

Babban kuskuren da matuƙa ke yi shi ne gudu. Na san dalilinsa. Gawarwaki na jere a gaɓa, jama'a sun fusata, mutum yana tsoron a far masa. Wannan tsoron gaskiya ne, kuma doka ba ta ce ya tsaya a kashe shi ba. Amma barin gaɓa zuwa caji ofis ko gidan hakimi daban, tsallake iyaka a kashe waya daban. Wanda ya miƙa kansa ya tsare ransa, ya kuma buɗe wa kansa ƙofar beli. Wanda ya ɓace ya ba mai gabatar da ƙara abin da zai fara da shi, sannan duk alƙalin da aka roƙi beli a gabansa zai tambaya: wanda ya gudu jiya, me zai hana shi gudu gobe? Kai kuma, Alhaji, kada son ɗan'uwa ya sa ka ɓoye ƙanenka. Ɓoye wanda ake nema laifi ne. Ka raka shi da kanka, da lauya.

Yana da haƙƙoƙinsa a can. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kwana 2. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, don haka ba a tsare mahaifi ko matar matuƙi wai sai ya fito. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta masa da Hausa ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta ta tarayya, tana da ofisoshi a jihohi.

Yanzu ga maganar ɗauri. A Arewa, idan an rasa rai, tuhumar da aka saba yi ita ce kisan da ba a yanke wa hukuncin kisa. A tsohon kundin Final Kod, sashe na 222(7) ya yi magana kan wanda ya jawo mutuwar wani ta hanyar ganganci ko sakaci, sashe na 224 kuma ya ba kotu ikon ɗaurin rai da rai, ko abin da ya gaza haka, ko tara, ko duka biyun. Wasu jihohi sun sabunta kundinsu, lambobin sassan sun sauya, amma laifin yana nan. Ɗaurin rai da rai shi ne ƙololuwa, ba shi ake fara ɗauka ba, kuma kafin a kama mutum da wannan laifi sai an tabbatar da sakaci babba, ba ɗan kuskuren da kowane matuƙi zai iya yi ba. Idan ba a rasa rai ba, akwai ƙananan laifuka na jikkata mutum ko jefa rayuka cikin haɗari ta hanyar sakaci.

To me ake kira sakaci babba a kan ruwa? Ba sai alƙali ya yi dogon nazari ba, domin an riga an rubuta. Ƙa'idojin sufurin ruwa na cikin ƙasa na 2023, waɗanda aka ƙaddamar a 2024, sun hana tafiyar dare, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Sun hana lodi fiye da kima, sun wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja, da rajistar jirgi, da rubuta sunayen waɗanda suka hau. Karya su laifi ne ko da jirgi ya isa lafiya, ana iya cin tara, a kama jirgi, a gurfanar da mutum. Idan kuma jirgin ya kife, kowace ƙa'ida da aka karya ta zama shaida. Masu cewa wannan dokar Abuja ce ba ta shafe mu ba, su sani a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon gwamnatin tarayya a kan hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, a shari'ar da aka yi da jihar Legas.

Dubi manyan hatsarin da suka girgiza mu, ka ga ko akwai wanda ya fita daga cikin ƙa'idojin nan. Ranar 26 ga Mayun 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse da kimanin mutum 180, aka ceto kimanin 20. Wannan a ƙofar gidanku ne, ka fi ni sanin gidajen da aka yi zaman makoki. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a madatsar Watari da ke Ɓagwai a Kano, an rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. A Yunin 2023 a Patigi ta jihar Kwara, 'yan biki sama da 100 suka halaka suna dawowa cikin dare. Ranar 1 ga Oktoban 2024 a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, jirgi ɗauke da kimanin mutum 300 ya kife, shi ma da dare. Lodi da duhu, su ake ta maimaitawa.

Hujjoji biyu matuƙa suka fi kawowa, kuma duka biyun ba su da ƙarfin da ake zato. Ta farko, kututture ne na buga a ƙarƙashin ruwa, ban gan shi ba. Gaskiya ne, tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka, kuma kututturansu suna nan har yau. Sai dai wannan hujjar takobi ce mai kaifi biyu. Idan da rana tsaka ne, lodi daidai, gudu daidai, kowa da rigarsa, kututturen da ba a taɓa sani ba ya fasa jirgi, wannan tsautsayi ne, kuma kotu za ta gan shi a haka. Idan kuwa kowane yaro a tasha ya san akwai kututture a mashigin nan, kai kuma ka bi shi bayan magariba babu fitila, sanin da ka yi shi zai kama ka. Ta biyu, fasinjoji ne suka matsa sai sun hau, rana ta faɗi, kowa na son komawa gida. Na yarda haka ake yi, har da zagi da magiya. Amma inji a hannun matuƙi yake, shi ke da ikon cewa ba zan tashi ba. Naci na fasinja babba yana iya rage kuɗin da kotu za ta ce a biya a shari'ar neman diyya. Ba ya ɗauke laifi, kuma jaririn da ke goye bai matsa wa kowa ba.

Wata hukumar da za ka iya gani a tasha ita ce NSIB, hukumar binciken hatsari ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta ba binciken hatsarin sama da na jirgin ƙasa da na ruwa. Nata binciken don gano musabbabi ne a hana maimaituwa. Ku ba ta haɗin kai.

Ka tambaya ko abin zai shafe ka kana gida. Zai shafe ka, ta hanya biyu. A shari'ar neman diyya, ƙa'idar ita ce ubangida ke ɗaukar ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki, ko da ba ya wurin, ko da ya sha yi masa gargaɗi. Iyalan mamaci suna da ikon shigar da ƙara ƙarƙashin dokar mutuwar hatsari ta jiharsu, kuma lauyansu ba zai ɓata lokaci a kan yaron da ba shi da komai ba, kai zai nema. Irin wannan ƙara na iya kaiwa Babbar Kotun Tarayya, domin sashe na 251 na tsarin mulki ya ba ta hurumin sufuri a kogin Kwara da Binuwai da rassansu. A ɓangaren laifi kuwa, ba a ɗaure ka don sakacin wani, sai don naka. Idan ka san katakon gindin jirgi ya ruɓe ka ce a lallaɓa zuwa bayan kaka, idan ka miƙa inji ga yaron da bai ƙware ba, idan ba ka sayi rigunan ruwa ba, to sakacin naka ne. Akwai kuma wanda masu jirgi ba sa so a faɗa: kuɗin da kake yanka wa matuƙi ya kawo kowace ranar kasuwa. In adadin ba ya samuwa sai an yi obalodi ko an ƙara sawu ɗaya bayan faɗuwar rana, kai ka yi lodin, shi dai ya tuƙa ne. Matuƙin da ke fuskantar ɗauri zai faɗi wannan a kotu, ko ƙanenka ne.

Bari mu zo ga Shari'a, tunda Kebbi da Neja da Sakkwato da Zamfara duk suna cikin jihohin da suka kafa dokokin laifi na Musulunci tun daga shekarar 2000, kuma ko ba kotu, ita ce mutanenmu ke komawa gare ta a zaure. Akwai maganar da ake yawan jawowa daga Risala ta Ibn Abi Zaid, cewa babu lamuni, wato biyan abin da ya salwanta, a kan mai jirgi, kuma ba shi da kuɗin haya sai ya isar. Maganar tana nan, amma ana yanke ta ne a tsakiya. Muhtasar na Shaihu Halil ya ɗaure ta da sharaɗi: matuƙin da ba ya lamuni shi ne wanda jirginsa ya nutse yana cikin yin abin da ya halatta a sana'ar. Masu sharhi suka ce in ya ƙetare iyaka a lodi ko a tuƙi, zai biya dukiyar da ta salwanta, rayuka kuma a biya diyyarsu. Ka ga fiƙihu da dokar ƙasa sun haɗu a wuri guda. Imani da ƙaddara wajibi ne, kuma babu wanda zai wuce ranarsa, amma malaman da suka koya mana ƙaddara su ne suka rubuta babin diyya. Raina yana ɓaci idan na ji an rufe bakin matar da ta rasa 'ya'ya uku da kalmar haƙuri, alhali kowa a tasha ya ga yadda ruwa ya kusa taɓa bakin jirgin tun kafin ya tashi.

Hukuncin kisan kuskure yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya ga iyalan mamaci sai in sun yafe, da kaffara, wadda a yau ita ce azumin wata 2 a jere. Diyyar cikakkiya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wato kimanin kilo 4.25, abin da a farashin yau ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira a kan rai guda. A asali dangin mai kuskuren na wajen uba ke haɗuwa su biya cikin shekara 3. Kaffara kuwa tasa ce shi kaɗai, yafewar iyali ba ta ɗauke ta, kuma a wurin mafi yawan malamai kowane rai da tasa. Babu mai jirgin katako da zai iya ɗaukar wannan nauyi shi ɗaya. Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin 'yan fito sun yi sake da ba su da asusun da ake zuba wani abu kowace ranar kasuwa don irin wannan rana, ko su shiga takaful, inshorar Musulunci, wadda ke da rajista a ƙasar nan.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Yafewa tana da girma, amma ba ta rufe komai da komai. A ƙarƙashin Final Kod, shari'ar kisa tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma. Iyalan mamaci shaidu ne, ba su ke da ƙarar ba, don haka ba su da ikon janye ta. Kwamishinan shari'a na jiha ne tsarin mulki ya ba wannan iko. Abin da yafewa da biyan diyya ke yi shi ne su sassauta hukunci, kuma alƙalai suna duba su sosai, musamman ga wanda ya tsaya ya yi ceto, ya miƙa kansa, ya je ta'aziyya, ya ɗauki nauyin marasa lafiya. Laifin karya ƙa'idojin NIWA shi ma yana nan daram, domin ba haƙƙin iyali ba ne.

Diyya ita ce haƙƙinsu, kuma ita suke iya yafewa. A nan ma akwai inda ake tafka kuskure. Diyya gado ce, ana raba ta kamar yadda ake raba sauran abin da mamaci ya bari. Kowane magaji baligi rabonsa kaɗai yake iya yafewa. Baffa ko mai unguwa ba shi da ikon tashi a zaman makoki ya ce mun yafe da sunan kowa, alhali ba a tambayi matar mamacin ba. Rabon marayu ƙanana kuwa babu mai yafe shi kyauta, ko waliyyinsu ne, domin an ɗora shi ne ya tsare dukiyarsu. Saboda haka idan za ku yi sulhu, ku bari a share makoki, a tantance magada ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da kowa ya karɓa da abin da ya yafe, a kai gaban alƙali ya tabbatar, a ware na yaran a ajiye musu a inda za su same shi idan sun girma.